Wayata ta tona min asiri a gaban dangin miji

Assalamu alaikum Anti. A Jos nake zaune, shekarata huɗu da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Ni da maigidana mun yi alkawari damuwarmu ta tsaya tsakaninmu. Idan dare ya yi ya yi barci, nakan ɗauki waya in yi ta bincike a kan abin da ke hana ɗaukar ciki, da lissafin kwanaki, da kuɗin dashen ƙwai a asibiti. Na kuma sauke manhajar lissafin al'ada. Tun watannin baya duk inda na shiga a wayar sai tallan maganin haihuwa, wasu ma daga saman allo suke faɗowa ko ban buɗe komai ba. Ƙanwar mijina tana karatu, a wurinmu take zaune, takan ari wayata idan datarta ta ƙare. Makon jiya ta ga tallan, ta kai wa Hajiya labari. Hajiya ta aiko min da ƙullin magani da jarka guda, ta kira shi ta yi masa faɗa wai ya zuba ido matarsa na fama. Shi kuma ya ce ni na fitar da maganar, yau kwana biyar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wallahi ban gaya wa kowa ba. Wata ƙawata ta ce wayar ce take sauraren hirarmu. Gaskiya ne? In sayar da ita ne? Kuma ya zan yi da yarinyar nan, don ko ganinta ba na son yi.

Wata baiwar Allah, Jos.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan zaman naki na tsakar dare, kin ja bargo saboda sanyin garinku, kina tambayar waya abin da kika kasa tambayar kowa. Allah ya yaye miki, ya ba ku zuri'a mai albarka. Na yarda da rantsuwarki. Ba ki gaya wa mutum ba, waya kika gaya wa, ita kuwa cikinta don tuwo kaɗai aka yi shi.

Kada ki sayar da ita. Idan kika sayo sabuwa kika sa mata imel ɗinki na yanzu, tallan zai riga ki isa.

Maganar ƙawarki kuwa, mutane da yawa sun yarda da ita, don wani lokaci tallan yana yin daidai har ya ba mutum tsoro. Amma a 2018 masu bincike a Jami'ar Northeastern da ke Boston a Amurka sun gwada manhajojin Android sama da 17,000, ba su kama ko guda tana kunna makirfo a ɓoye tana aika murya ba. Abin da suka kama shi ne wasu suna ɗaukar hoton abin da ke kan allo suna turawa wani kamfani. Idan wayarki Android 12 ce ko sama da haka, duk lokacin da wata manhaja ta kunna makirfo ko kyamara za ki ga ɗan koren ɗigo a kusurwar sama, kina iya sa ido da kanki. Ni dai a ganina masu talla ba sa ma bukatar laɓe. Wanda kike rubuta wa damuwarki da hannunki kullum dare, me zai yi da laɓe?

Ga yadda abin yake tafiya. Ki ɗauka kin shiga Taminus kin tsaya a shagon atamfa, kin taya turmi biyu kin wuce. Mai shagon ya riƙe fuskarki don gobe ya gane ki, wannan ba laifi ba ne. To amma akwai wani dillali da ya ajiye yaronsa a kusan kowane shago a kasuwar. Yaron shagon farko ya manna wata ƙaramar lamba a gefen mayafinki ba ki sani ba. Kina isa layin takalma yaronsa na can ya ga lambar, ya ce ga mai neman atamfar nan. Kafin ki fita kasuwa dillali ya haɗa littafi guda a kanki. Wannan lambar ita ce ake kira kukis, ƙananan bayanai da shafukan intanet ke ajiyewa a cikin burauzarki, wato manhajar da kike buɗe shafukan da ita, kamar Chrome. Na mai shagon da kika shiga da ƙafarki suna da amfani, su ne ke sa ba kya sake rubuta kalmar sirri kullum. Na dillalin su ne masu bin ki daga shafi zuwa shafi. A gefe guda kuma wayar kanta tana da wata lamba ta talla da manhajoji ke karantawa, sannan asusunki na Google yana rubuta abin da kika nema da bidiyon da kika kalla. Hanya uku ke nan, shi ya sa mutum zai toshe guda ya ga kamar bai yi komai ba.

Mu fara da wanda ya fi saurin kunyata mutum, wato masu faɗowa daga saman allo. Waɗannan yawanci da hannunmu muke buɗe musu ƙofa. Kina cikin karatu shafi ya tare ki da tambaya, ke kuma don ki samu ki wuce sai ki danna inda aka rubuta "Allow". Daga ranar kin ba shi izinin aiko miki da saƙo duk lokacin da ya ga dama. Idan Chrome kike amfani da ita, ki taɓa ɗigo ukun nan na sama, ki shiga saiti, ki nemi "Site settings", sannan "Notifications". Za ki tarar da jerin shafukan da kika ba izini, wasu ma ba za ki tuna kin taɓa shigarsu ba. Ki cire su duka, ki kashe maɓallin gaba ɗaya don kada wani ya sake tambayarki. Wayoyin Tecno da Infinix da itel sau da yawa suna zuwa da tasu burauzar a ciki, mutane da yawa kuma suna da Opera Mini. Kowace da nata saitin, gyaran da kika yi a ɗaya ba ya tsallakawa ɗayar. Wadda ba kya amfani da ita, ki danne alamarta ki riƙe, ki shiga bayananta ki hana ta aiko da sanarwa.

Kina nan cikin saitin Chrome, ki shiga "Privacy and security". A nan akwai "Third-party cookies", su ne na dillalin da na ba ki labari, ki zaɓi a toshe su. Idan kin ga wani sashe mai suna "Ad privacy" ki kashe duk maɓallan da ke ciki. Sannan ki goge tarihin bincike da kukis na duk tsawon lokaci. Kafin ki goge ki tabbata kin san kalmomin sirrinki, don shafukan da kike ciki za su fitar da ke sai kin sake shiga. Ina ma zargin ba talla kaɗai ƙanwar mijinki ta gani ba. Mutum na taɓa wurin rubuta bincike, tsofaffin tambayoyin mai wayar suke zubowa a jere, kuma waɗannan sun fi kowane talla faɗin gaskiya.

Kina iya tambaya me ya sa ba a toshe waɗannan kukis ɗin tun daga kamfani ba. Wasu sun toshe. Burauzar Firefox ta fara tare masu bibiya da kanta tun 2019, Safari ta wayar iPhone ta rufe musu ƙofa gaba ɗaya a 2020. Google ma a farkon 2020 ya ce zai cire su daga Chrome, aka yi ta ɗage rana, a Yulin 2024 ya ce ya fasa. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da kamfanin ke samu daga talla yake fitowa, to kin ga ba a sa ran mai tuwo ya kashe wutar murhunsa. Maɓallin yana nan, sai dai ke za ki nemo shi.

Yanzu asusun Google, kuma a nan nake so ki tsaya ki yi tunani: wa ya buɗe miki shi? Da yawanmu a shagon waya aka buɗe mana imel ranar da muka sayi wayar, mai shagon ne ya zaɓi kalmar sirri, ya rubuta a bayan kwali ko ma bai rubuta ba. Wasu matan kuma imel ɗin maigida ne a wayarsu, ko nasu ne a tasa. Idan haka ne, abin da aka bincika a waya ɗaya yana iya bayyana a ɗayar. Ki canza kalmar sirrin, ki duba jerin na'urorin da asusun yake buɗe a kansu, ki fitar da wadda ba ki sani ba. Daga nan ki rubuta myactivity.google.com a burauza. Ki shirya zuciyarki, don za ki ga dararen nan naki a rubuce, da rana da sa'a. Ki goge su, amma sai bayan kin nuna wa maigidanki, zan zo kan wannan a gaba. Akwai zaɓin a riƙa gogewa da kansa bayan wata 3 ko 18 ko 36, ki ɗauki na wata 3, ko ki dakatar da ajiyar ma baki ɗaya, har da tarihin YouTube. Sai ki shiga myadcenter.google.com ki kashe "Personalized ads". A can akwai sashen batutuwa masu sosa rai da mutum zai ce a rage masa, ciki har da caca da giya da rage ƙiba da juna biyu da renon yara. Ki kashe na juna biyun. Ko ba don idon kowa ba, bai kamata mai jiran rabo ta buɗe waya da safe ta ci karo da tallan kayan jarirai ba.

Lambar talla ta wayar ba ta da wuya. A saitin wayar ki rubuta "Ads" a wurin nema, za ki ga "Delete advertising ID", ki danna. Google ya kawo wannan zaɓin tun zamanin Android 12. Masu iPhone nasu yana ƙarƙashin "Tracking", tun 2021 Apple ya wajabta wa manhajoji neman izini kafin su bi mutum, kuma Meta, kamfanin Facebook da Instagram, da bakinsa ya ce canjin zai ja masa asarar kusan dala biliyan 10 a 2022. Na kawo wannan ne don ki san ɗan maɓallin nan ba ado ba ne. Idan kina Facebook ko Instagram, ki shiga "Accounts Center" ki nemi "Your activity off Meta technologies". Jerin shafuka da manhajojin da suka kai musu labarinki ne. Ki share na baya, ki yanke na gaba. Kuma idan tallan magani ya fito kada ki danna shi ko don ganin ƙwaf, dannawa ɗaya tana jawo goma. Ki taɓa ɗigon gefensa ki ce a ɓoye shi.

Manhajar lissafin al'ada ita ta fi damuna, don abin da take riƙe da shi ko mahaifiyarki ba ta sani ba. A Janairun 2021 hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka ta zargi wata shahararriyar manhaja irin wannan, Flo, da miƙa bayanan lafiyar mata ga wasu kamfanoni ciki har da Facebook da Google bayan ta yi alkawarin ba za ta yi ba, daga baya aka yi sulhu. Taki idan kyauta ce kuma talla ya cika ta, ki tambayi kanki da me take cin abinci. Ki shiga cikinta ki nemi a goge asusunki da bayananki tukuna, sannan ki cire ta, don cirewa kawai ba ta goge abin da ya riga ya tafi wurinsu. Ƙaramin littafi a ƙasan akwati yana yin wannan lissafin, kuma likita zai fi jin daɗin ki buɗe masa shi a gabansa.

Ba zan ce ki daina bincike ba, neman sani ba laifi ba ne. Ki ware masa burauza ta daban, kamar Firefox ko Brave ko DuckDuckGo, waɗanda ke tare masu bibiya tun daga farko, kada kuma ki shiga asusun Google ko Facebook a cikinta. Ko ki buɗe shafin sirri na Chrome, wanda ake kira "Incognito". Sai dai ki san iyakarsa: yana hana wayar ajiye tarihi, saboda haka wanda ya ari wayar ba zai ga komai ba, amma shafin da kika shiga yana ganinki, kamfanin layinki ma ya san inda kika je. A 2024 sai da Google ya amince zai goge biliyoyin bayanai don kashe wata ƙara da aka kai shi a Amurka kan wannan shafin. Duk waɗannan gyare-gyaren ba za su hana talla zuwa ba, za su sa ya daina saninki ne, ki koma ganin tallan taliya da na data kamar kowa. Kuma ki ba shi 'yan makonni kafin tsohon ya gama wankewa. Doka tana nan, an sa wa dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya hannu a Yunin 2023, ta kuma sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu, hukumarta tana Abuja. A Yulin 2024 ma hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ci Meta tarar dala miliyan 220. Amma kafin doka ta ɗaura ɗankwali labari ya isa ɗakin Hajiya, saboda haka ki fara da abin da ke hannunki.

To mu bar waya mu koma ga mutane, don ko kin goge komai yau, abin da kunne ya ji ya ji.

Yarinyar ta yi kuskure. An ba ta aron waya, ta ga abin da ba nata ba, ta ɗauka ta kai gaba. Amma ban ga alamar mugunta a labarin da kika ba ni ba, na fi ganin ƙuruciya da rashin sanin nauyin magana. Wataƙila ma a tunaninta taimako ta nema miki. Ki kira ta ɗaki ku biyu, ba a gaban yayanta ba, ki ce mata abin da ta gani sirrinki ne, kin ji zafin fitarsa, nan gaba idan ta ga wani abu ke za ta fara samu. Magana ɗaya ta isa, kada ki mayar da ita karatun kullum. Aron waya kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ki kunna mata hotsifot ta yi amfani da tata, ko idan da hali ki tura mata 'yar data. Kin yi kyauta, wayarki kuma tana hannunki. Idan dole sai ta riƙe taki, akwai "App pinning" a sashen tsaro na saiti, yana kulle allo a kan manhaja ɗaya, ba ta fita sai da lambarki. Wayoyi da yawa kuma suna da makullin manhajoji, ki sa wa burauza da saƙonni.

Hajiya ba yarinya ba ce, ta iya ƙidaya, shekara huɗun nan tana lissafe da su tun kafin wani talla. Ƙullin maganin nata, irin kulawar da ta sani ke nan. Ki je ki gaishe ta, ki yi godiya, kada ki buɗe mata bayani. Shan maganin kuwa ki dakata sai likita ya san abin da ke ciki, haka ma duk wanda kika gani a talla, ko da an buga masa lambar NAFDAC, don lambar da ake ba maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana yin abin da mai shi ya ce. Amma ga abin da nake so ki lura da shi. Tallan nan da mace yake magana, a wayarki aka gan shi, maganin ma ke aka aiko wa. Ba tare da wani ya furta ba, dangi sun fara ajiye matsalar a ƙofar ɗakinki, alhali babu gwajin da ya ce haka. Ba ki ambaci cewa kun taɓa zuwa asibiti tare ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da jinkirin haihuwa a rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama, akwai hannun ɓangaren namiji, shi kaɗai ko tare da na matar.

Shi ya sa nake ganin fushin maigidanki ba duka naki ba ne. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Mahaifiyarsa ta yi masa faɗa a kan abin da ya fi jin kunya, ba zai iya mayar mata ba, ƙanwarsa kuma jininsa ce, sai ke da kike kusa. Wannan bai wanke shi ba, zargin da ya yi miki bai dace ba, kuma kina da haƙƙin ki gaya masa ya yi miki ciwo. Amma rantsuwa ta isa haka. Kafin ki goge tarihin nan, ki samu lokacin da ya ci abinci ya natsu, yarinyar ba ta gida, ki zauna kusa da shi ki buɗe masa shafin myactivity ɗin nan. Ki bar shi ya gani da idonsa, ƙarfe ɗaya na dare, ƙarfe biyu da rabi, tambaya bayan tambaya, yana gefenki yana barci. Zai gane ta inda maganar ta fita. Ina kuma fatan zai gane cewa alkawarin da kuka yi na rufe maganar ya koma ke kaɗai kike ɗauke da ita.

Daga nan ki roƙe shi abu ɗaya, ku je a duba ku tare. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen mata da haihuwa, akwai kuma asibitin ƙwararru na jiha a cikin gari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da arha, shi ya sa likitoci ke son a yi shi tun a farko, kuma ma'aurata da yawa ba sa kaiwa ga dashen ƙwan da kike lissafin kuɗinsa. Idan ya ƙi, kada ki matsa a ranar. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, yayansa ko kawunsa ko malaminsa, amma da saninsa, kada a maimaita abin da ya faru. Idan ya amince, shi ya kamata ya gaya wa Hajiya da bakinsa cewa kuna ganin likita ku biyu, a taya ku da addu'a. Kalmar "ku biyu" ɗin nan ki tabbata ta fito daga bakinsa.

Ki sake rubuto min bayan kun je, ki gaya min abin da likita ya ce, da kuma irin tallan da wayar ta koma nuna miki.

Antinki.